Ranar da Aka Kama Autan Inna

Jama'a, akwai wata lauya da ke aiki a sashen shari'a na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Idan jami'ai sun kama mutum, ita ce ke tsayawa gaban alƙali ta tabbatar da tuhumar. A ofis Ba-Sani-Ba-Sabo suke kiranta. Har tsokanarta suke yi cewa ko kyanwar gidansu ce ta shigo hannu, sai ta nemi a hana ta beli.

A gida kuwa Yaya ce kawai. Ita ce babba, kuma tun rasuwar mahaifinsu ita ke riƙe da Inna da ƙaninta Auta, wanda ke tuƙa motar haya.

Wata safiya aka ajiye mata sababbin fayiloli a tebur. Ta buɗe na sama tana kurɓar shayi, sai ta ga hoton Auta, riƙe da allon lamba a ƙirji, idanunsa jajur. An tare motarsa a shinge, an sami jakar ƙwayoyi ƙarƙashin kujerar baya. Tare da shi aka kama abokinsa Dogo.

Kofin ya suɓuce daga hannunta. Ta daɗe da lura Auta na ramewa, yana barci har rana tsaka, amma duk sanda ta tambaya sai Inna ta ce gajiyar tuƙi ce.

Kafin azahar Inna ta iso ofishin, takalmi ƙafa ɗaya daban, ɗaya daban. A gaban masu gadi da magatakarda ta durƙusa ta kama ƙafar 'yarta.

"Inna, don Allah tashi, mutane na kallo."

"Su kalla! Ɗana na kulle, ke kina nan cikin sanyin na'ura. Me karatun naki ya amfana mini in ba za ki fito da shi ba?"

Lauyar ta ja ta zuwa cikin ofis, ta rufe ƙofa, ita ma ta durƙusa. Ta yi ta bayani cewa ba ita ke kamawa ba, ba ita ke saki ba. Inna ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Bayan kwana kaɗan sai ga Dogo yana yawo a unguwa. Mahaifinsa ya san wanda ya san wani, aka zare sunansa tun kafin magana ta kai kotu. Wannan ya ƙara tunzura Inna. Ta daina cin abinci. Kawu ya kira a waya ya ce, "Uban Dogo ko aji ɗaya bai yi ba, ya fitar da nasa. Ke da baƙar rigarki da hular gashin doki, sai ido?"

Lauyar ta san hanya, kuma abin da ya fi ci mata rai ke nan. Jakar da aka kama tana ɗakin ajiyar kayan shaida, an ɗaure ta an buga hatimi. Idan hatimin ya yage kafin ranar kotu, kowane lauyan kariya zai ce an taɓa kayan, shari'ar ta rushe. Ita kuma tana da izinin shiga duba kayan shaida.

Ta je. Mai kula da ɗakin ya sauko mata da jakar ya ɗora a kan teburin ƙarfe, sannan aka kira shi waje. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka da warin tsofaffin kwalaye. Ta ɗora farcenta a gefen hatimin. Ta tuna Auta yana ƙarami tana goya shi zuwa asibiti. Ta tuna muryar Inna. Sai idonta ya sauka a kan sauran jakunkunan da ke jere a kan kantocin ɗakin, kowace da lambarta. Da yawa ita ta gabatar da su a kotu. Kowane mai jaka yana da uwa, wasu ma sun riƙe mata riga a bakin kotu suna kuka, ta ba su haƙuri ta wuce.

Ta janye hannunta. Ta fita da sassarfa.

Daga nan ofishin shugaban sashe ta nufa.

"Ranka ya daɗe, wanda ake tuhuma a wannan fayil ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A ba wani lauya. Kuma a hana ni shiga ɗakin shaida har a gama."

Shugaban ya cire tabarau ya dube ta. "Kin san wanda zan ba ba zai sassauta ba?"

"Na sani."

Da labarin ya isa gida, Inna ta tattara kayanta ta koma gidan Kawu. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ashe dutse na haifa. Kada ki ƙara kirana Inna."

Lauyar ta samo wa Auta lauyan kariya mai gaskiya, sannan ta je ganinsa a gidan yari kamar kowace 'yar'uwa, ta bi layi, aka caje ta. Ta same shi yana karkarwa, hanci na zuba, saboda jikinsa ya rasa abin da ya saba.

"Yaya, zan mutu a nan. Ki fitar da ni, wallahi na tuba."

"Ba zan iya ba, Auta. Amma ka faɗi gaskiya gaban alƙali. Ka ce kana sha, ka faɗi wanda ya ba ka jakar. Duk ranar ziyara za ka gan ni."

Ya tofa yawu a ƙasa ya juya mata baya. Ta dawo mako na gaba. Ya ƙi fitowa. Ta sake dawowa.

Ranar shari'a tana zaune a kujerar baya, ba rigar lauya ba hula, tana sauraron abokin aikinta na karanta tuhumar ƙaninta. Da aka tambayi Auta, sai ya amsa laifinsa, ya faɗi sunan dilan da ya ba shi jakar. Alƙali ya yanke masa zaman gidan yari, tare da umarnin a sa shi a sashen jinyar masu shaye-shaye. Inna ta yanke jiki ta faɗi. Da lauyar ta ruga ta tallafe ta, Kawu ya ture hannunta.

Watanni suka shuɗe. Tana zuwa aiki ta dawo gidan da babu kowa. Dangi suka daina gayyatarta komai. Sau da yawa takan tsaya da mota a bakin titi ta kifa kai a sitiyari tana tambayar kanta ko zalunci ta yi. Abu ɗaya ke riƙe ta: Auta ya fara fitowa ranar ziyara, kumatunsa sun fara cika, har ya ce mata yana koyon gyaran injin.

Wata ranar hutu da hantsi ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Inna ce, da babban mayafi, idanu a kumbure.

"Daga gidan su Dogo nake," in ji ta. "An tsinci gawarsa a wani kango, ya sha abin ya fi ƙarfinsa. Na ga uwarsa tana birgima a tsakar gida, tana cewa da ma an bar shi a kulle."



Inna ta kama hannun 'yarta ta ɗora a ƙirjinta. "Da kin bi maganata, da yau ni ake yi wa gaisuwa. Ki yafe mini, 'yata. Ki kai ni in ga ɗana."

Darasi: Ba duk wanda ya buɗe maka ƙofa ne ya taimake ka ba, kuma ba duk wanda ya ƙi ne maƙiyinka ba. Kada mu tilasta wa 'yan'uwanmu su ci amanar aikinsu saboda mu, kada kuma mu rufa wa 'ya'yanmu asirin da zai kashe su. Ku tura wannan labari ga iyaye da 'yan'uwa, wataƙila ya isa gidan da ake buƙatarsa yau.