Mulkin da Aka Hana Kwaikwaya

An ce Sarkin Kurmin Gaba ya yi ƙarfi, har ya riƙa cewa tun kaka da kakanni babu mai iya mulki irin nasu. Rannan ya tara mutanen ƙauyen Tsamiyar Kura, ya ce, "Ku kwaikwayi tsarinmu sak, ko in ƙwace kasuwarku."

Tabawa mai ƙosai, wadda da kasuwar take ci, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, in mun iya fa? Ai sai duniya ta ce akwai irinku."

"Ba za ku iya ba!"

"To, in mun kasa, mun gaskata sarki ke nan. Gaskata sarki laifi ne?"

Sarki ya sosa ƙeya, can ya daka tsawa: "Ku riƙe kasuwarku! Amma na hana ku iyawa!"

Tabawa ta ce, "Mun bi, Zaki. Wannan dokar kam, tun kafin ka kafa ta muke bin ta."