Fadamar da Sarki Ya Sa Aka Cike

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai son kilisa. Wata rana da damina ya bi ta bayan gari, dokinsa ya lume a fadama har ƙirji, ya kayar da shi cikin taɓo a gaban talakawa. Ya koma fada rai a ɓace, ya ce wa Waziri Jatau, "Fadamar nan kada ta ga rani. A cike ta da yashi da duwatsu." Waziri ya dubi fuskar sarki, ya haɗiye maganarsa, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Bayan 'yan shekaru sarki ya lura nono ya yi wuya a gidansa, masu zuwa gaisuwar Juma'a kuma sun ragu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce lafiya lau. Sai ya aika aka kira Malam Tankari, wani tsoho masani da ba ya zuwa fada, ya tambaye shi abin da ya sami garin.

Malam ya ce, "Ya sarki, kafin in amsa, mece ce fadama?"

Sarki ya ce, "Taɓo da sauro, inda doki ke lumewa."

"Wannan fadamar mahayi ce. Ga makiyayi, ciyawa ce da ke kai shanu damina. Ga mai lambu, rumbu ne na biyu idan gero ya ƙi. Ga matar da aka bari da marayu kuwa, ita ce mijin da bai mutu ba. Rijiyoyin gari ma a wurinta suke sha."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ma'ana ɗaya ta rage, ita kuwa sai an gani da ido."

Sarki ya hau, Waziri da Malam suka bi shi. Da suka isa inda fadamar take a dā, sai ya ga fili fetal, ba ko tsiro, an jera tuddan ƙasa har iyakar gani, mafi yawansu ƙanana. Ya ce, "Kunyoyin me aka yi a nan?"

Malam ya ce, "Kaburbura ne, ya sarki. Shekarar da ruwa ya ɗauke, ba lambu, ba nono, rijiyoyi suka ƙafe. Tsohuwar maƙabarta ta cika. Yau idan aka ce an kai wane fadama, ba mai tambayar abin da ya je yi."

Linzami ya suɓuce daga hannun sarki. Ya sauka yana salati, ya zauna a ƙasa. Can ya juya ga Waziri, ya ce, "Ka san da wannan?"

Waziri ya sunkuyar da kai. "Na sani, Allah ya ba ka nasara. Jikokina na cikinsu."

"Kuma kullum kana zuwa kana ce mini lafiya lau?"

"Ita ce amsar da ka saba mana da ita."

Sarki ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Ya ce kada a taɓa kabari ko ɗaya, amma sauran filin a haƙe shi har ruwa ya dawo. Ya tuɓe alkyabba, ya ɗauki dutse na farko da hannunsa.

Malam Tankari ya ce, "Ya sarki, adalci shi ne kafin ka yanke wa abu hukunci, ka tambayi masu rayuwa da shi yadda suke kiransa."