Salkar Granaz da Jarkokin Madugu

Akwai wata mata a ƙauyenmu, can yamma da garin Kharan, mai suna Granaz. Shekararta talatin tana ɗinkin salka. Fatar akuya in ta bi ta hannunta, ruwa sai ya kwana huɗu a ciki ka sha shi da sanyinsa.

Ciwon ƙoda ya kwantar da mijinta Dostain. Likitan da ya duba shi ya ce a kai shi babban asibiti, kuma kada a kuskura a bar shi da ƙishi a hanya. A shekarar ambaliya ta cinye hanyar mota, don haka babu mafita sai bin ayarin raƙuman dabino, tafiyar kwana huɗu.

Madugun ayarin Gwahram ne. Ya gaji raƙuma goma sha biyu daga mahaifinsa, amma bai gaji kunnen uban ba.

Ranar tashi da safe ya jera shuɗayen jarkokin roba a gaban jama'a, yana bubbuga su kamar wanda ya sayo jirgi.

"Daga yau babu sauran salka a ayarina," in ji shi. "Tsattsafo take yi, ta jiƙa min buhunan dabino."

Granaz ta buɗe jarka ɗaya ta kai hanci, ta yi saurin kau da kai.

"Ɗan nan, me aka taɓa zubawa a cikin wannan?"

"Ruwa mana, Inna."

"Ruwa ba ya hawa kai. Wannan warin maganin fara ne, irin wanda aka yi feshinsa bara."

Ya sani sarai. Arahar da ya gani a kasuwa ce ta rufe masa ido. Ya ce ai ya wanke su da sabulu da yashi har sau uku.

"Roba ba ta mantuwa," in ji ta. "Bari rana ta dake ta, za ta amayo abin da ta sha."

Gwahram ya ƙyalƙyale da dariya. "Ku ji mai hancin likita. Kasuwarki ce ta mutu, Inna, shi ya sa kike kushe kayana."

Ya cika kwano daga jarkar ya shanye a gaban kowa. Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Granaz ta zo wa mijinta da salka uku. Gwahram ya kama biyu ya kwance bakinsu, ya tuntsurar da ruwan a kan yashi, wai raƙumansa ba za su ɗauki kayan tsofaffi ba.

Jama'a, ruwan mara lafiya fa. A ƙasar da ko ɗaurayar kwano sai an ba akuya ta sha. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne maza biyar masu dabino da za su bi ayarin na tsaye a wurin, dukansu sun girme shi, ba wanda ya ce uffan. Kowa na tsoron kada a bar dabinonsa a gida.

Granaz ta rungume salka ta ukun a ƙirji.

"Wannan kam sai dai ka zubar da ni tare da ita."

Ya taɓe baki ya ƙyale ta.

Kwana biyu tana shayar da Dostain da ƙaramin kofi, ita kuwa sai dai ta jiƙa leɓe. Ta auna ta gani, in ta yi tsimi salkar za ta kai shi rijiyar da ke bakin gari. Ta sake yi wa mazan magana a kan ruwan jarkokin, suka ce su ba su ji komai ba sai ɗan ɗaci.

A rana ta uku da azahar, jarkokin sun sha rana har ba a iya taɓa su. Mutum na farko ya sauka daga raƙumi yana amai. Kafin la'asar duk biyar ɗin suna kwance, zufa na karyo musu. Gwahram ya fi kowa jin jiki, don shi ya fi kowa sha, saboda kada a ce tsohuwa ta yi gaskiya. Ya rarrafo har gindin raƙumin Dostain.

"Inna, ki taimake ni."

Granaz ta dube shi, zuciyarta na tafasa. Ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan, kuma ni ban ga laifinta ba.

"Yashin da ka shayar rannan, je ka roƙe shi."

Dostain ya ɗago kai da ƙyar. "Ba su, Granaz."

"Malam, naka ne. Ka ji abin da likita ya ce."

"Na ji. Amma in wuce in bar 'ya'yan mutane suna shure-shure a rana? Da wane ido zan dubi uban yaron nan gobe kiyama? Ba su."

Tana kuka tana zubawa. Kofi ɗaya-ɗaya ta bi su, ta sake zagayowa, har salkar ta lanƙwashe a hannunta. Da mazan suka iya hawa raƙumi aka ci gaba da tafiya. Dostain ya yi yini guda cur bai ga ɗigon ruwa ba, bai kuma yi ƙorafi ba.

Duk mazan shida sun warke. Dostain ya kwana shida a asibiti, Allah ya yi masa rasuwa. Likita ya ce ƙishin hanya ne ya ƙarasa ƙodar.

Labari ya riga ayarin komawa gida. Tun daga lokacin ba wanda ya sake ɗora wa raƙuman Gwahram ko buhu ɗaya, sai da ya sayar da su. Mazan nan biyar kuwa, in sun hango Granaz a hanya, sai su sake lungu.

Ranar sadakar bakwai Gwahram ya zo gaisuwa, yana jan rago. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce ta yafe masa.

Granaz ba ta ɗaga murya ba.

"Mai da ragonka, ɗan nan. Wanda ya ce a ba ka ruwa, shi ya yafe maka tun a hanya. Ni dai abu ɗaya nake so ka riƙe. Ruwan da ka sha rannan nasa ne, kwanakin da kake ci yanzu ma nasa ne. Je ka san yadda za ka yi da su."

Darasi: Kada ka zuba ruwan sha a mazubin da ba ka san abin da ya taɓa ɗauka ba, komai araharsa, komai yawan wankin da ya sha. Kada kuma girman kai ya hana ka sauraron wanda ya san aikinsa, domin sau da yawa ba mai taurin kan ne ke biya ba, wani bawan Allah ne. Kai kuma da ka ga zalunci ka yi shiru, da kai aka yi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman matafiya.