Likitan Masu Fasa Dutse

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari mai duwatsu, shekaru masu yawa da suka wuce. Likita ne, ana ce masa Dakta Ilu. Gajere ne, mai fara'a, ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. In ya tashi daga asibiti ba gida yake nufa ba, sai bayan gari wajen masu fasa dutse.

Me ya kai shi can? Ya lura in dutse ya faɗo wa mutum a ka, rauni yakan warke, amma mutumin ba ya dawowa yadda yake. Wani ya riƙa mantuwa, wani mai haƙuri ya koma mafaɗaci. Mutane su ce iska ce. Dakta Ilu ya ce a'a, ƙwaƙwalwa ce ta bugu. Shekara goma sha ɗaya yana zama da su, yana shan furarsu, yana tambaya, yana rubutawa. Da bincikensa ya fito, har likitocin ƙasashen waje suka ɗauka suna koyarwa. Saboda shi masu kamfani suka fara raba wa leburori hular kwano. Aka sa ranar da za a karrama shi, a ba shi shugabancin wata cibiyar bincike.

To, ku saurara, nan jarrabawar take.

A cikin rubutun nan ya ce wanda ya bugu a ka, in ya kwana bakwai ba ciwon kai, zai iya komawa aiki. Ana saura mako biyu taro, sai ga Tabawa, matar wani mai fasa dutse da ake kira Cindo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Likita, maigidana ya cika kwana bakwan da ka ce, ya koma. Jiya jiri ya kwashe shi daga kan dutse. Ga shi can kwance, ko ni bai gane ba."

Ba zarginsa ta zo yi ba, taimako take nema. Da ya gama duba Cindo, sai ya koma kan tsofaffin takardunsa, ya tarar da mutum huɗu da irin haka ta same su, shi kuwa a lokacin ya ɗauka wata cuta ce daban.

Ya faɗa wa abokin aikinsa, Dakta Nalado. Wannan ya ce, "Haba Ilu! Mutum biyar cikin ɗari ukun da ka bincika? Ka bari a gama taron, daga baya ka gyara a hankali."

Ya ce, "Kafin a gama taron, mutum nawa za su hau dutse da maganata a kunnensu?"

Kun ji fa. Kuma bai fara da manya ba, jama'a, da leburorin ya fara. Ya tara su da hantsi, ya ce, "'Yan'uwana, na gaya muku abin da ba daidai ba. Kwana bakwai bai isa ba. Kowa ya bugu, kada ya hau sai an sake duba shi. Ku yafe mini."

Can wani dattijo a cikinsu ya ajiye gudumarsa ya ce, "Likita, shekara talatin ina nan, ba a taɓa ba mu haƙuri ba sai yau. Zauna ka sha ruwa."

Ranar taro Dakta Ilu ya miƙe gaban manyan malamai ya maimaita, bai rage komai ba. Shugabanci dai aka ba wani. Ya ji zafi, ai ɗan Adam ne. Amma aka gyara ƙa'idar ko'ina, kuma daga ranar in Dakta Ilu ya rubuta abu, likitoci sukan riƙe shi da hannu biyu. Cindo bai sake hawa dutse ba, amma likita bai daina zuwa gidansa duk Juma'a ba, har ranar da Cindo ya ɗaga kai ya ce, "Tabawa, kawo wa likita tabarma."

'Yan'uwa, ilimi amana ne, kuma mai amana shi ne wanda zai iya cewa "na yi kuskure" tun kafin a kama shi. Kai magini, ka san ginin da ka yi bai zauna ba. Ke ungozoma, kai malamin makaranta, akwai maganar da kuka faɗa, daga baya kuka gane ba haka take ba, kuma har yau ana aiki da ita. Kada ku jira a gama taro. Ku je ku gyara yau. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ko da a kanmu ne.