Ranar da Kwamfuta ta Kashe Alhaji Maiwada

Akwai wani gurgu a Jega mai suna Yari, wanda shan inna ya cinye masa ƙafafu tun yana goye. Da hannu yake tafiya, silifa biyu a tafukansa. Amma in ya hau kujera ya ja tafireta, sai dai ka ji kamar ana suyar gyaɗa.

Shekara tara yana buga takardu a kamfanin albasa na Alhaji Maiwada, mai rassa a Aliero da Maiyama. Manajan kamfanin, Sahabi, mutum ne mai tumbi da ƙwalisa, amma wasiƙa mai layi biyar sai ta gagare shi. Sai ya yi jagwalgwalonsa ya miƙa, Yari ya gyara a ɓoye, Sahabi ya sa hannu ya sha yabo.

Ana gab da shiga shekarar dubu biyu Alhaji ya sayo kwamfuta. Aka ware mata ɗaki, aka shimfiɗa kafet, aka sa na'urar sanyi, aka rubuta a ƙofa cewa a cire takalmi. Yari ya kasa ɓoye murna. Ya ji an ce in ka iya tafireta ka gama rabin aikin.

Ranar farko ya rarrafo, ya zare silifansa daga hannu, ya ajiye a bakin ƙofa kamar kowa. Sahabi ya tare shi da ƙafa.

"Ina za ka?"

"Ranka shi daɗe, in gani ko in koya."

"Kai ba ka ji abin ga na kamuwa da cuta ba? Hannun da ke shara ƙasa tun daga unguwar Firchin, shi za ka ɗora mata? Koma baranda."

Ma'aikata suka yi dariya. Wallahi har yau in na tuna wannan dariyar raina ɓaci yake.

Sahabi ya ɗauko ƙanen matarsa, Murtala, wanda ya yi kwas na wata uku a Sakkwato, ya ba shi kujerar. Aka kulle tafireta a sito. Yari kuwa aka ce aikinsa ninke takardu da liƙe ambulan, kafin Alhaji ya dawo daga aikin Hajji a sallame shi gaba ɗaya. Mutum mai mata da 'ya'ya huɗu, wa zai ɗauke shi aiki a garin nan?

Duk da haka, da ya ga kuskure a wata takarda, ya ɗaga ta ya nuna. Sahabi ya fizge a gaban baƙi.

"Kwamfuta ba ta kuskure. Ninkewa aka ce ka yi, ba karatu ba. In ka sake karanta takardar ofis ɗin ga, ran nan za ka tahi."

Yari ya ce to. Amma daga ranar zuciyarsa ta bushe. Ya daina gaisawa da kowa. Yana zaune yana shafa gam, yana roƙon Allah ya nuna masa ranar Sahabi.

Ranar ba ta yi nisa ba.

Saura kwana shida Alhaji ya sauka, Sahabi ya ce a buga takardar gayyata guda sittin, manoma da dillalai su zo addu'ar tarbarsa. Murtala malalaci ne. Sai ya buɗe tsohuwar takardar da ke cikin kwamfuta, ta addu'ar arba'in ɗin yayan Alhaji, ya canza suna da rana kawai. Sahabi ya sa hannu bai duba ba, don ya saba wani na duba masa.

Takardun suka iso baranda. Idon Yari ya sauka a layi na biyu: ana gayyatarku addu'ar marigayi Alhaji Maiwada, Allah ya jiƙansa.

Ya karanta sau biyu. Ya ɗaga kai ya hango Sahabi ta gilashi yana shan lemo a cikin sanyi. Sai ya ninke ta farko, ya zura a ambulan, ya liƙe. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sittin.

Ku tuna lokacin babu wayar hannu. Mutum yana Makka, takarda ta zo da hatimin kamfaninsa ta ce marigayi, wa zai musa? Kafin la'asar labari ya gama Aliero. Washegari motoci suka fara sauke mutanen Maiyama da Jandutsi a ƙofar gidan Alhaji. Matansa suka ɗora hannu a ka. Mahaifiyarsa, tsohuwar da kowa ke kira Gwaggo, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, ƙugunta ya goce.

Wannan kam Yari bai sa shi a lissafi ba. Da ya ji, ya ture kwanon tuwonsa gefe.

Sahabi ya yi ta zagaye gari yana rantsuwa cewa Alhaji na nan da ransa, har muryarsa ta dishe. Da Alhaji ya sauka, bai ko huta ba ya tara kowa a ofis, takardar na hannunsa.

"Wa ya kashe ni?"

Sahabi ya ce kwamfuta ce. Murtala ya ce Sahabi ne ya sa hannu. Alhaji ya juya ya kalli ƙasa, inda Yari ke zaune.

"Yari, shekara tara ban taɓa ganin harafi ya kuɓuce maka ba. Ba ka gani ba?"

Da ya ce bai gani ba, da ya tsira. Amma ya ce, "Na gani, Alhaji. Duka sittin na gani."

"Mi ya hana ka magana?"

"An ce in na sake karantawa a kore ni. Kuma ba zan ɓoye maka ba, so na yi ya ji abin da na ji. Abin da ya samu Gwaggo ni ma da hannuna a ciki."

Alhaji ya ajiye takardar. Ya tambayi masinja da direba, suka faɗa masa duk abin da aka yi wa Yari. Sai ya ce wa Yari, "Za ka tahi wurin Gwaggo ka faɗa mata da bakinka. In ta yafe maka, kujerar can taka ce. In ba ta yafe ba, ba ni da ta cewa."

Yari ya je. Tsohuwa tana kwance an ɗaure mata ƙugu, ta saurare shi har ya gama. Ta zage shi son ranta, sannan ta ce ta yafe, amma kada ya sake taka mata gida. Bai sake ba har ta rasu, kuma abin bai bar ci masa rai ba.

Da ya koma ofis, Alhaji ya miƙa masa rubutun hannu ya ce ya buga. Takardar korar Sahabi ce. Murtala ya nuna masa inda ake kunna kwamfutar.

Sahabi ya leƙo, ya rage murya. "Malam Yari, don Allah ka sa na ajiye aiki da kaina. Kalma guda ce. Ina da iyali."

Yari bai ɗago ba. "Ni ma ina da su."

Bai san maɓallan ba tukuna, don haka a hankali ya bi su, Sahabi na tsaye yana jira har aka kira azahar. Takarda ta fito. Yari ya karanta ta da ƙarfi kowa na ji, ya miƙa masa ya ce ya duba ko akwai kuskure.

Babu.

Darasi: Na'ura ba ta korar mai naƙasa daga aiki, mutum ne ke fakewa da ita ya kore shi. Wanda ka wulaƙanta yau wataƙila shi ke rufa maka asiri ba ka sani ba. Kai kuma da aka zalunta, ka sani ramuwa ba ta tsayawa kan wanda ka nufa kaɗai. Ku tura wa duk wani shugaban ofis da kuka sani, ko Allah zai sa ya gyara.