Fuskar Sallau

An yi wani bawan Allah a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, ana ce masa Ilu. Sana'arsa buga hotuna: kalandar biki, fasta, hoton bango. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin tasha, daga kwamfuta sai injin bugawa sai benci.

Wata rana wani direba mai suna Barau ya shigo da waya a hannu. Ya ce, "Malam Ilu, hoton ƙanena ne Sallau, bara ya rasu. Idon Innarmu yana tafiya, likita ya ce ya kusa rufewa, ko abin da ke cikin waya ba ta gani. Ka buga mini shi ƙato, ta ga fuskar ɗanta kafin ganin ya ƙare."

Ilu ya ɗora hoton a kwamfuta. To, ku saurara. A waya hoto tas yake, amma da aka faɗaɗa shi sai ya fashe. Ido ya zama tabo, hanci ya narke cikin kumatu, fuska duk ta koma 'yan ƙwayoyi kamar an watsa gero a faifai.

Ilu ya ce, "Wannan ba zai bugu ba, ƙwayoyinsa sun yi kaɗan. Daga waya zuwa waya aka yi ta tura shi, kuma duk turawa sai ya ragu."

"Haba Malam Ilu! Ai an ce kwamfutarku tana gyarawa."

Ilu ya gwada a gabansa. Kwamfuta ta cike gurbi da nata, ta fito da wani santalelen saurayi, fata sumul, hanci kamar an ja da zare.

Barau ya tuntsire da dariya. "Wannan ai ɗan fim ne! Sallau mai hanci kamar murfin buta? Amma buga shi haka. Inna ba ta gani sosai, ba za ta gane ba."

Jama'a, nan jarrabawar take. Hoto ya yi kyau, mai hoto ya yarda, babu mai kama shi. Amma Ilu ya hango tsohuwar nan tana ƙarar da sauran ganinta a kan fuskar da ba ita ta haifa ba.

Ya ce, "Ba zan buga ba. Wa ya turo maka shi?"

"Ƙanwarmu Tabawa."

"Tashi mu je wurinta."

Ilu ya kulle shago. Tabawa ta ce abokin marigayin ne ya turo mata, wani tela Jatau. Jatau ya ce shi ma yanko shi ya yi daga hoton wani biki. Suka nemi mai hoton bikin, ashe ya bar sana'ar ya koma kiwon kaji. Amma 'yan katunan memori na kyamararsa, inda hotuna ke ajiye, suna nan a cikin gwangwanin madara. Suka kwaso, suka zauna suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Barau ya gaji. "Malam Ilu, ni da yake ƙanena ne ma na haƙura. Kai me ya yi maka zafi?"

Ilu ya ce, "Miƙo na gaba."

Ya ci gaba da buɗewa, ya ci gaba da buɗewa, har Allah ya sa suka dace. Ga hoton na asali, cikakke, ko gashin gira ana gani. Ilu ya yanko Sallau, ya daidaita girman da takarda, ya buga.

Suka kai wa Inna Gwamma a tsakar gida, inda rana take. Ta matso da fuskarta dab da takardar. Ta yi ta dubawa. Ilu ya shiga tunani: ko yawon da ya ja su ne ya sa suka makara?

Sai tsohuwa ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ja'irin yaro! Hular babansa ce a kansa. Na yi ta nemanta, ya rantse mini bai gan ta ba."

Ilu ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da bango, ya ce, "Alhamdulillahi."

To 'yan'uwa, darasin a fili yake: abin da ba ka da shi cikakke, kada ka cike shi da naka don ya yi kyau. Kullum ana turo mana labarin mutane a waya, ya bi hannu da hannu har ya fashe, mu kuma mu ƙara masa ido da hanci mu tura gaba. Kafin ka tura, tambayi wanda ya turo maka wa ya turo masa. In ka kasa kai wa ga na asali, ka riƙe hannunka. Allah ya sa mu zama masu gaskiya ko da babu mai kama mu.