Sai An Binne Ni

Ɗanliti ya daɗe wajen cin rani, sai dagaci ya ce ya mutu ba magaji, ya ƙwace gonarsa. Da ya dawo ya kai ƙara aka kore shi, ya ɗaukaka ƙara.

Alƙali, surukin dagaci, ya ce, "A takardata ka mutu. Mamaci ba ya ƙara, sai magajinsa."

"Allah gafarta Malam, ana taɓa dukiyar mamaci kafin a binne shi?"

"Haram!"

Ɗanliti ya kwanta gaban dagaci, ya rufe ido. "To ranka ya daɗe, kawo likkafani."

Dagaci ya zabura. "Wa zai binne mai rai? Ga cikinsa yana motsi!"

Ɗanliti ya buɗe ido ɗaya. "Malam, rubuta. Mai gona yana da rai, in ji dagaci."